Yadda Kawuna Ya Kori Malamar Goge Daga Ƙofar Gidanmu

A lokacin ina saurayi, ina tsare wa kawuna shagon atamfa a kasuwar Illela, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Gidanmu gidan fatake ne, goge kuwa a wurinsu abin 'yan bori ne da mashaya. Ni kuma Allah ya jarabce ni da son sa. A ɓoye nake tsallakawa Ƙonni ina koyo wurin wani tsoho.

A can na haɗu da wata tsohuwar Baturiya 'yar ƙasar Hungari. Tafintanta ya ce tun tana yarinya take kaɗa gogen Turawa, ta yi wasa a manyan zauruka, da yatsunta suka fara ciwo sai ta koma koyarwa. Ta saurare ni, ta kama hannuna ta gyara mini riƙon izgar da ake goga gogen da ita, ta ce kunne irin nawa ba a koyar da shi. Wallahi ban taɓa jin an yabe ni haka ba. Ta ce za ta zo ta roƙi iyayena in bi ta makarantarta.

Wautar da na yi, na gaya wa kawu. Ya ce ba komai, ta zo. Ranar da za ta zo ya aike ni Kalmalo sayo kifi. Da na dawo ya ce ba wanda ya zo, wai mi na zata, Bature yana cika alkawari? Na yi shekaru ina jin haushin baiwar Allah. Sai bara direban da ya kawo ta ya shaida mini ta zo, ta tsaya a rana a ƙofar gida, kawu ya ce mata na rasu. Ta yi kuka, ta yi masa ta'aziyya, shi kuma ya karɓa. Na bincika, ashe ita ce ta rasu tuni.

Na tunkari kawu, ko kunya babu, ya ce wai mutuncin gida ne ya tsare. Har yau ina gaishe shi don zumunci, amma ban yafe ba. Iyaye, in za ku hana yaro abu, ku hana shi a gaban idonsa. Kada ku kashe shi da baki yana raye.