Na'urar Ɗana da Injin Rijiya

Shekara talatin da biyar na yi ina kula da injinan ban ruwa a ƙasar Goronyo, kuma har na ajiye aiki ba a taɓa kiran wani ya sake gyaran da na yi ba. Na faɗi haka ne domin a gane nauyin abin da ya same ni a gidana na Wurno, bazarar da ɗana na biyu, magidanci mai 'ya'ya uku, ya kafa na'urar haƙar kuɗin intanet.

Kwamfuta ce tsirara a kan ƙarafa, an jera mata katuna shida, kowane da fankokinsa, tana shan wuta daga baturan sola. Muddin tana gudu, in ji shi, tana samar masa wani abu. Sai ta shiga mutuwa. Fankoki su yi tsit, allo ya daskare, sai an kashe ta an sake tayarwa.

Bai tambaye ni ba. Ya wuce ni ina zaune a zaure, ya tafi bakin kasuwa ya ɗauko mai gyaran rediyo a babur, mutumin da ya shekara tara yana riƙe mini akwatin sifana a madatsa kafin ya buɗe shago. Kawu yake kiransa. Ya karɓar masa jaka, ya shimfiɗa masa darduma, ya sa aka dama masa fura. Ina kallo.

Suka cire katunan ɗaya bayan ɗaya, suka sauya wayoyi, suka rage musu gudu. Da na leƙa ɗakin, mai rediyo ya ɗago yana murmushi.

"Yallaɓai, wanga aiki ba irin na zamaninku ba na. Babu giris ciki, babu bel."

Ɗana ya yi dariya. Wannan dariyar ta fi maganar zafi.

Mu an koya mana kada mu taɓa inji sai mun rubuta lokacin da yake tsayawa. Na ɗauko littafi da agogona. Kafin kwana huɗu na gane. Duk sa'ar da matan gida suka kunna injin rijiyar burtsatse domin cika tanki, a nan take na'urar ke mutuwa. Daga inbata ɗaya, mai juya wutar baturan solar, suke sha, shi kuwa injin ruwa fisgar wuta yake yi a tashin farko.

Na rufe littafina, ban gaya wa kowa ba. So nake ya zo ya durƙusa gabana ya ce, Baba, ku duba mana. Kalma huɗu kacal. Ana cikin haka kati ɗaya ya mutu, bai sake tashi ba, kuma na ci gaba da jira.

Wata la'asar mai rediyo ya je alwala ya tarar tanki ya ƙafe, ya ɗaga murya a kunna ruwa. Injin na tashi, ya ji fankoki sun ɗauke. Ya shigo da gudu, hannuwa a jiƙe, yana kabbara. Ɗana ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Kawu, Allah shi ƙara basira! Da ba don ku ba, mi za ni yi?"

Na kasa jurewa. Na miƙa wa ɗana littafin, na ce ya karanta. Ya bi layukan da yatsa, ya tsaya a kan ranar da na rubuta dalilin.

"Baba, tun Talata kunka sani?"

"Ba ka tambaye ni ba."

"Katin kuwa Lahadi ya mutu."

Ya mayar mini da littafin cikin ladabi, kai a sunkuye. Har yau yana gaishe ni kowace safiya, bai taɓa fashi ba, amma ko makunnin fitila ne ya lalace a gidan nan, ba a gaya mini.