Ƙirjin Kawu

Shekarar da na baro Tawa na zo Arlit neman aiki, gidan kawuna na sauka. Ya daɗe yana shiga ƙarƙashin ƙasa wajen haƙar uraniyum, har aka rufe ramin aka sallame su. Na tarar da shi kullum zaune a ƙofar gida, ciki ya fito, yana wani busasshen tari da ba ya fitar da komai.

Ana nan sai labari ya bazu cewa wani kamfanin gadi zai ɗauki mutane, amma sai an gwada ƙarfin jiki. A bayan unguwarmu akwai fili inda wani tsohon soja yake horar da samari da sassafe. Sarjan muke ce masa. Ba shi da kayan motsa jiki ko ɗaya, in ban da wani bututu da aka gitta a kan turaku biyu. Cewa yake nauyin mutum ya ishe shi kaya.

Na fara zuwa, sai Kawu ya ce shi ma da shi za a yi. Matarsa ta ce, "Malam, da wannan tarin?" Ya ce, "Zama ne ya kawo shi."

Mu kwanta rub da ciki mu ɗaga jiki da hannuwa, mu yi tsallen kwaɗo, mu rataya a bututu mu ja kanmu sama har haɓa ta wuce. Da farko ko lomar tuwo ba na iya kaiwa baki sai na sunkuya. A hankali ciwon ya tafi. Kafaɗuna suka buɗe, barci ya yi daɗi, gudu ya daina sa ni haki. Kawu ma ya sake. Cikin ya sauka, damtsensa ya yi tauri, har ya koma ɗauko jarkokin ruwa biyu daga famfo da kansa. Numfashinsa ne kawai ya ƙi biyo shi.

Sarjan ya sa masa suna Gafiya, wai saboda a rami ya ƙare ƙuruciyarsa. In Kawu ya tsaya tari, sai ya sa mu duka mu tsaya a kan hannuwa, tsakuwa tana cin tafinmu, har sai ya gama. Samari suka tsani Kawu. Wani ya riƙa watsa masa ƙasa da ƙafa in Sarjan ya juya, kuma na tabbata Sarjan yana gani. Wata rana Kawu ya suɓuce daga bututun ya faɗo, ya yi amai. Sarjan ya ɗora masa takalmi a baya ya ce, "Ku duba da kyau. Wanda ya yi wasa, ga ƙarshensa." Ya sa muka yi ta zagaya shi da gudu.

A hanyar gida na ce, "Kawu, ka bari haka nan."

Ya ce, "In na bari, ƙannenka su ci me? Ai mutumin yana matsa min ne don ya ga zan iya."

Ranar gwaji Kawu ya ja jiki a bututu fiye da wasu sa'annina. A gudu shi ne na ƙarshe, amma ya kai. Daga nan aka shigar da mu wajen likita. Ya ɗora wa Kawu abin sauraro a baya, ya daɗe yana ji, sannan ya ce ya sa rigarsa. Ni aka ɗauka, shi aka bar shi.

Bayan ƴan kwanaki na haɗu da Sarjan wajen mai shayi. Na gaya masa yadda aka yi. Ko kaɗan bai yi mamaki ba.

Ya ce, "Tun ranar da ya fara tari a filina na sani. Garin nan cike yake da irin wannan tari. Ba likitan da zai bari ya wuce."

Na ce, "To me ya hana ka gaya masa?"

Ya hura shayinsa ya kurɓa. "Filin horo sai da mai zuwa na baya. In yaro ya ga tsoho yana jan jiki a ƙasa, kunya ba ta barin shi ya tsaya. Kai ba ga shi an ɗauke ka ba?"

Ban faɗa wa Kawu wannan magana ba. Har ya kwashe iyalinsa ya koma Tawa yana sa wa Sarjan albarka. Can ya rasu da damina ta zagayo.

Motar da ke kai mu wurin gadi ta gefen filin take bi. Wata safiya na leƙa ta taga na ga Sarjan ya samu wani dattijo mai ɗingishi, tsohon direban babbar mota. Dattijon yana durƙushe a ƙarƙashin bututun, samari suna zagaya shi da gudu.