Albam Ɗinki Zai Fito Ba Amshi

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙanwata a asibitin da ta saba kwanciya tun tana ƙarama. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma, ita riga mu kawai ta yi. Ta rasu tana da shekara talatin da huɗu, bayan ciwon sikila da aka haife ta da shi ya taso mata tasowar da bai lafa ba.

Gidajen rediyo sun sanar da rasuwar “ɗaya daga cikin 'yan huɗun nan.” Wata jarida ta buga hoton ƙungiyar mawaƙan, ta zagaye fuska guda da jan layi, sai dai mai fuskar da aka zagaye tana zaune a falonmu a lokacin, tana kuka. Da kina nan, ƙanwata, ke za ki fara dariya. Shi ya sa na ga gara in rubuta wannan da hannuna, in faɗi wadda ta rasu da abin da ta bari.

Shekara goma kika yi a ƙungiyar. Ku huɗu ne, kaya iri ɗaya, taku iri ɗaya, kina tsayawa a gefen hagu. Mai jan waƙa ita ce wadda kowa ke kira Ta Tsakiya. Da yake ciwonki ba ya sallama kafin ya shigo, Manajanku ya yi wata dabara wajen rabon waƙa. Ya ba ki amshi da guntayen layuka, irin waɗanda idan babu mai su wata za ta ɗauka ba a ji bambanci ba. Ban taɓa cewa mugunta ce ba. Mutum ne mai tikiti a hannun jama'a, kuma dabarar ta yi aiki. Duk ranar da kike kwance, su ukun sukan hau dandamali, su ɗan matso kusa da juna, a yi wasa a tashi lafiya.

Wata rana muna kallonsu tare a talabijin ɗin ɗakin asibiti, ana yi miki ƙarin ruwa. Kika kalla har ƙarshe, sannan kika ce, “Yaya, kin ga yadda suka yi kyau? Ni kaina ban lura ba na wurin ba.” Kika yi dariya, na taya ki. Daga nan kika juya fuskarki bango kika ce barci kike ji.

Ba ki riƙe kowa a rai ba, wannan shaida kam zan iya bayarwa a gaban kowa. Fulas ɗin ruwan ɗumi da likita ya ce kada ki rabu da shi, ke ce ƙarshen mai sha daga ciki. Direba ya sha, masu kiɗa su sha, mai gyaran gashi ta haɗa shayi, ke kuma a rage miki ɗigon ƙasa. Na sayo miki na biyu na ce wannan naki ne ke kaɗai, sai kika ce madalla, dama ɗaya ba ya isar su.

Akwai ranar da muryar Ta Tsakiya ta ɗauke a gaban dubban mutane. Tsoro ne ya kama ta a tsakiyar baiti, baki a buɗe, babu abin da ke fita. Daga inda kike kika ɗauki baitin a hankali, kika riƙe mata shi har ta dawo hayyacinta, sannan kika janye kamar ba a yi ba. Washegari aka yabi ƙarfin halinta a jaridu. Ita ce ta ba ni labarin da bakinta, ba ke ba.

Abin da na fi tunawa a asibiti yake. Idan kika ɗan samu sauƙi, sai ki ce in miƙo miki jan baki da madubi. Ki gyara ɗaurin ɗankwali, ki ja sandar ƙarin ruwanki, ki nufi ɓangaren yara. A can akwai iyaye mata da aka gaya wa sakamakon gwaji a karon farko, suna zaune a gefen gado kamar an yanke musu hukunci. Ba waƙa kike yi musu ba. Zama kike yi kusa da uwar ki ce, “Anti, kalle ni da kyau. Irin jininmu ɗaya da 'yarki. Na wuce talatin, kuma har yanzu ina da bakin da ya addabi gidanmu.” Biyu daga cikin matan nan sun zo gaisuwa. Ba su san ke mawaƙiya ce ba sai da suka ga taron.

Da kika ce za ki bar ƙungiyar ki yi albam naki ke kaɗai, kowa ya ba ki shawarar da ba ki nema ba. Manaja ya ce wa zai tare miki ranar da jiki ya ƙi. Kika ce babu, kuma abin da kike so ke nan. Kina son aikin da idan ba ki zo ba, ba za a yi shi ba.

Ni nake kai ki situdiyo, saboda ba ki taɓa koyon tuƙi ba kuma ba ki da niyya. Ƙaramin wuri ne a saman wani shagon gyaran firji, ɗaki biyu da gilashi a tsakani. Ina zama a wata tsohuwar kujera ina duba takardun jarrabawar ɗalibaina, mai haɗa sauti da kike kira Injiniya yana gaban na'urorinsa, ke kina bayan gilashi. Ni malamar sinadarai ce, ba ni da kunnen waƙa, amma ko ni na ga matsalar tun ranar farko. Kina yin layi biyu sai ki yi shiru, ki ja da baya, ki karkata kai dama kina jiran wata ta karɓa. Babu kowa a daman sai fanka.

Injiniya ya tsayar da kiɗa ya ce, “Anti, wa kike jira?”

Kika ce, “Wallahi ƙafata ce. Ni na san babu kowa, ita ce ba ta sani ba.”

Ya ɗauko akwatin tsohuwar lasifika ya ajiye a bayanki. Duk sanda kika ja baya sai ki buga dunduniya. Kin sha bugu kafin ƙafar ta haƙura.

Sai kuma numfashi. Wadda ta saba yin layi biyu ta huta ba ta san tsawon waƙa ba sai ranar da aka bar mata ita dukanta. Kina kai rabi sai murya ta fara rawa. Likita ya hana ki gudu, ya hana ki duk wani abu mai sa haki, don haka kika koma yawo a hankali a barandar gidan Mama, kina rera baiti guda kina maimaitawa, har maƙwabta suka haddace shi ba da son ransu ba. Sau biyu ciwo ya tsayar da aikin, kuma da gaske aikin ya tsaya. Injiniya ya bugo waya ya ce yana zaune ba abin yi sai kin warke. Ban taɓa ganin mara lafiya ta ji daɗin irin wannan labari kamar ke ba.

A watannin farko kin yi wata ƙaramar zamba, wadda kika kama kanki da kanki. Kin sa Injiniya ya ɗauki muryarki sau huɗu ya ɗora kan juna, sama da ƙasa, don waƙar ta yi kauri. Da aka kunna, kika saurara kika riƙe baki. Kika ce, “Yaya, kin ji ni? Na gudo daga ƙungiya na zo na kafa wata.” Kika sa ya goge ukun. Ya roƙe ki ki bar ko ɗaya, kika ƙi. Tun daga ranar duk waƙoƙin albam ɗin murya ɗaya ce.

A waƙa ta ƙarshe kin wuce nan ma. Bayan kowane baiti, a daidai inda amshi yake shiga, kin bar wurin fayau. Kiɗa ne kawai ke tafiya, sai kuma a ji kin ja numfashi kin ci gaba. Injiniya ya ce masu saurare za su ɗauka mantuwa aka yi. Kika ce, “Wurin nan shekara goma ina cike wa wasu shi. A tawa waƙar a bar shi haka, in ji yadda yake.” Ina wurin, alƙalami a hannuna, na ji da kunnena.

An kammala aikin, kin zaɓi ranar fitowa, kin zaɓi hoton bango. Sai Allah Ya yi ikonSa.

Ba a gama karɓar gaisuwa ba Manaja ya ja ni gefe a ƙofar kicin. Ya samu waƙoƙin ya saurara. Idonsa ja, kuma na yarda kukan gaske ya yi. Ya ce, “Dakta, baiwar Allahn nan ba ta samu ta ƙarasa aikinta ba. Akwai gurabe a ciki. 'Yan'uwanta uku za su shiga su cike mata, a fitar da shi da sunan ƙungiya. Karramawa ke nan.”

Na ce masa aikin a ƙarashe yake. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya karanta boko da yawa, ya ce a je a saurara tukuna.

Muka je da rana, har da Mama, wadda ba ta taɓa taka situdiyo ba. Ta hau benen tana hutawa, ta shiga ta shafa bango ta ce wane irin ɗaki ne wannan da aka yi wa bangonsa katifa. Ta Tsakiya da sauran biyun suka zauna a ƙasa. Injiniya ya kunna waƙa ta ƙarshe.

Kika yi baitin farko, kika yi shiru. Ba wanda ya ba su alama, ba su ko kalli juna ba, su ukun suka shiga lokaci guda. Ba su taɓa jin waƙar ba, amma kowace ta san inda za ta tsaya, ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ɗaya a tsaka. Hawaye na zuba suna yi. Ba zan yi ƙarya a kan mamaciya ba, ya yi daɗi. Har na ɗan ji tsoron cewa ni ce mai taurin kai a ɗakin. Manaja ya buɗe hannuwa yana kallona.

Mama ce ta yi magana. Ta ce, “Ku yi haƙuri, 'ya'yana, Allah Ya yi muku albarka. Shekara goma in aka sa waƙarku a rediyo ina ce wa maƙwabta ga muryar 'yata nan, amma wallahi cinka nake yi. Yau na fara jin ta sosai, sai kuka shigo. Yaro, mayar min da ita baya.”

Injiniya ya mayar. Kika yi baitin, wurin ya zo, ba wadda ta shiga. Na ga Ta Tsakiya ta cusa gefen gyalenta a baki ta danne da haƙori. Kiɗa ya tafi shi kaɗai, ya yi tsawon da ban taɓa lura yana da shi ba, sannan muka ji kin ja numfashi. Mama ta sunkuyar da kai.

A kan bene muna sauka, Ta Tsakiya ta riƙe hannuna ta ce, “Yaya, shirun nan ya fi waƙa wuya.” Na ce mata ke ma kin sha fama kafin ki iya. Ta ce ita dai ba za ta sa murya a albam ɗin ba.

Maganar ba ta ƙare a nan ba. Manaja yana bugo waya har yanzu. Ya ce gidajen rediyo ba sa son waƙa mai rami, ya ce sunanki shi kaɗai ba zai ja kasuwa ba, kuma mai yiwuwa duka biyun gaskiya ne. Ɗaya daga cikin sauran biyun ta rubuta a shafinta na sada zumunta cewa dangi sun hana su yi wa 'yar'uwarsu bankwana. Ban ji haushinta ba, baƙin ciki kowa da inda yake fito masa. To ga amsata gare su a fili, don kada a ci gaba da bin ta bayan gida. Ku hau dandamali ku yi mata duk bankwanar da kuke so, ni zan zauna a layin gaba. Amma albam ɗin nan ba za a ƙara masa ko tari ba. Zai fito a makon farko na watan Mayu, ranar da ta zaɓa, da sunanta ita kaɗai. Idan mutum goma ne suka saurara, to su goman za su ji abin da ta yi. Mai saurare kuma, idan ka kai waƙa ta ƙarshe ka ji ta yi shiru, wayarka lafiya lau take. Ka jira ta, za ta dawo.

Ya Allah, Ka san yawan ciwon da baiwarKa ta ɗauka tun daga goyo ba ta yi Maka ƙorafi ba. Ka sa ya zama kankarar zunubanta. Ka yafe mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta, Ka yalwata shi, Ka ba ta hutun da jikinta bai samu ba a duniya. Ka saka mata da alherin da ta yi wa matan da ba su ma san sunanta ba, Ka haɗa ta da Babanmu a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta yi jinyar shekara talatin da huɗu ba ta gaji ba, da yayyenmu da ƙannenmu da dukan dangi. Ina yi wa abokan waƙarta uku ta'aziyya, da Manaja, da Injiniya wanda har yau bai ɗauke akwatin lasifikar daga inda ya ajiye ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Allah Ya jiƙan ki, ƙanwata. Amin.