Akwatin Gaisuwa a Shagon Goggo

Goggona kayan miya take sayarwa a unguwar Bronx, can ƙasar waje, a wani ɗan shago bayan Fordham Road: attarugu, tattasai, kuɓewa, yalo, alayyafo, da yakuwa idan lokacinta ya yi. Yawancin cinikin ba a shagon ake yinsa ba. Matanmu suna can wurin kitso ko jinyar tsofaffi, sai su yi oda ta intanet, mota ta kai musu har gida.

Shafin nata kuwa, wayyo Allah! Rubutu kore a kan ja, hoton tumatir ya yi dishi-dishi kamar an ɗauke shi ta cikin hayaƙin murhu. Ni da zana shafuka ne sana'ata, har kunyar cewa na Goggona ne nake ji. Ranar da ta ce mini manyan kamfanonin kai kaya sun fara janye mata mutane, in yi wani abu kafin a bar ta da kwandunanta, sai na ji kamar an ba ni sarauta.

Na yi aiki, ba yabon kai ba. Hotuna tas, farashi a fili, dannawa uku ka gama. A ƙasan tsohon shafin akwai wani ƙaton akwati na ƙarin bayani. Na leƙa na ga abin da ake rubutawa a ciki: ina kwana, ina gajiya, ya maigida, ya sanyi, ya jikin tsohuwa. Wata ta cika layi tara da gaisuwa, sannan a ƙarshe ta ce a zaɓo mata kuɓewa ƙanana. Na ce kai, wannan ai ɓata lokaci ne. Na goge akwatin, ko shawara ban yi da kowa ba.

Goggo ta ga sabon shafi ta ce, "Ma sha Allahu, kamar na banki." Na ɗauka yabo ne.

Mako biyu ba a cika ba oda ta fara ja da baya. Wadda ta shigo ma, Goggo sai ta tsaya tana kallon takardar, ta duba bayan takardar, ta sake juyo da ita. "'Yar nan, mutanen nan fushi suke yi da ni ne? Ko sallama babu." Na ce mata haka ake ciniki a zamanin nan. Ta yi mini wani kallo ta ci gaba da tsinke ganyenta.

Ashe da wannan akwatin take sanin gyaran da za ta yi wa kowa. Mai mura a ƙara mata citta, mai baƙi a ƙara albasa, wadda aka sallama daga aiki a cusa mata tattasai a ƙasan leda ba tare da an ce komai ba. Ni duk ban sani ba. Garin neman gira na tsone ido.

Ran nan sai ga wata ƙatuwar oda daga Port Richmond, can kan wani tsibiri a hayin gada, daga wata Hajiya 'yar Damagaram da ta fi kowa daɗewa tana saye a wurin Goggo. Kwali-kwali na tumatir, buhun albasa, attarugu kamar za a kori aljanu. Na yi tsalle na ce, "Goggo, kin gani ko? Kwalliya ta fara biyan kuɗin sabulu!"

Goggo ta dafe ƙirji. "Ke, wannan girkin taro ne. Ko suna ko rasuwa. 'Yarta tana da tsohon ciki, mijin Hajiyar kuma yana kwance asibiti. Wanne ne?"

Na ce ban sani ba.

"To da akwatina yana nan ai da na sani!"

Ta kira wayar Hajiya sau huɗu, ba a ɗauka ba. Ta ce idan matar nan ta juya mata baya, duk matan tsibirin can sun tafi, don ita suke bi. Ta sallami direban da ke kai mata kaya ta ce ni zan tuƙa, tunda ni na haɗa wannan kwamacala. Ta ɗauko turmin atamfa da sabulu ta sa a leda ɗaya saboda barka, ta sa sukari da gero a wata ledar saboda ta'aziyya.

Duk tsawon hanyar nan, daga Bronx har muka haye gada, Goggo tana gwada fuska a madubin mota. Ta saki fuska, ta ce a'a, idan mutuwa ce na shiga uku. Ta ɗaure, ta ce idan haihuwa ce za a ce baƙin ciki nake yi. Ta yi rabi da rabi ta juyo ta ce, "Wannan fa?" Na ce kamar mai ciwon haƙori. Ta make ni a kafaɗa, saura kaɗan in hau kan wata tasi.

Muka iso, takalma jibge a ƙofa. Goggo ta tsaya tana nazarinsu. "Akwai masu tsini," ta ce a hankali, "ba a zuwa gaisuwar mutuwa da masu tsini." Amma kuma akwai silifas na maza da yawa. Muka kasa kunne, ita da leda a kowane hannu, ni da buhun albasa a kafaɗa ina nishi. Can sai muka ji guɗa. Wallahi ban taɓa ganin an jefar da leda da sauri irin yadda Goggo ta cilla mini ta sukari ba.

Hajiya ta fito, ta karɓi barka, amma fuskarta ba yabo ba fallasa. Ta ce da ɗan Faransancinta, "Bon, kin zo dai. Ranar da aka haihu, ke na fara tunawa. Na buɗe shagonki na intanet zan rubuta miki albishir, na tarar an toshe ƙofa. Na ce to, ta yi arziki, ta fi ƙarfin gaisuwarmu. Da babu kunya, da wani wuri zan sayi kayan nan."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki zan ce ni ce, sai Goggo ta taka mini ƙafa.

"Laifina ne, Hajiya," in ji ta. "Tsufa ne da son abin zamani. Ki yafe mini."

Matar da ba ta taɓa rufe wa kowa ƙofa ba, ta sunkuyar da kai gaban taro saboda ni. Idona ya ciko, na fake da albasa.

Ban bari mun bar unguwar ba. A cikin mota, a bakin titi, na ɗora kwamfuta a cinya na mayar da akwatin, na kai shi can sama, gaban hoton tumatir. Ya ɓata mini tsari ƙwarai, har yau idan na kalle shi raina yana sosuwa. Goggo ta ce in ƙara masa faɗi.

Bayan kwana uku saƙon farko ya shigo, daga Port Richmond. Layi goma sha ɗaya na gaisuwa, da labarin mai jego, da cewa an sallamo maigida. Goggo ta sa na karanta mata da ƙarfi tana murmushi. A layin ƙarshe Hajiya ta rubuta: "A gaida 'yar da ta toshe ƙofa. Na ga lokacin da kika taka mata ƙafa."