Rijiyar da ke Ƙarƙashin Teburin Nama

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Talata, mu huɗu ne a rumfar namanmu ta unguwar Ogui a Enugu: ni, da ƙanena wanda muke sana'a tare, da baduku, da ma'aikaciyar ofishin tsara gari, wata 'yar Kudancin Kaduna mai jin Hausa kamar mu. A kan tebur akwai ƙunshin jar fata, faɗinsa kamar tafin hannu biyu.

Ga yadda aka zo nan. Na nemi izinin rushe rumfar in gina shago mai ɗakin sanyi, don nama ya daina lalacewa a hannunmu. Ofis ya ce rajista ta nuna akwai tsohon sharaɗi a kan filin, kuma bayaninsa na jikin takardar asali. Muddin ba a ɗage shi ba, ba ni da ikon ɗora bulo ko ɗaya.

Takardar kuwa tana cikin wannan fata. Mahaifina ya sayi filin a hannun wani tsohon ma'aikacin kwal. Mahaifin nawa bai iya karatun boko ba, kuma ya san abin da damshin Enugu da gara ke yi wa takarda. Sai ya sa aka ɗinke ta kamar laya, ninki biyu. Ya ce kada a buɗe sai in rigima ta taso. Rigima ba ta taso ba, mu ma ba mu buɗe ba.

Baduku ya daɗe yana farke ɗinkin da bakin wuƙa.

Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, wato duk shekarun nan ba wanda ya karanta ta?"

Na ce, "Ba a ce mu karanta ba. An ce mu ajiye."

Takarda ta fito fes, sai dai warin jima. Ma'aikaciyar ta karanta da Turanci, tana fassara mana. Na farko, ba a ɗaure dabba a filin. Na biyu, ba a yanka. Na uku, ba a sayar da ɗanyen nama. Dalili kuwa, don kare rijiyar da mutanen layin ke sha.

Ƙanena ya kwashe da dariya. "Yaya, ashe dokar da ta hana mu cin abinci kake sa wa turare a cikin akwati!"

Na ce ya rufe mini baki, akwai baƙuwa. Sannan na tambaye ta, "Wace rijiya?" Domin a nan na girma, da ruwan famfo na san layinmu.

Ta ce ita ma tambayarta ke nan. Ta jera mini matakai, na rubuta a bayan kwali. A gano rijiyar. A nuna cewa ta mutu. A kawo mutum biyu da suka sha ruwanta kuma suka ga rufe ta. A liƙa sanarwa don maƙwabta. Bayan haka kwamiti ya zauna ya ɗage sharaɗin.

Kwana uku ina tambaya. Liman ya ce ya zo garin bayan zuwan famfo. Dattawan mahauta kowa ya nuna mini wuri dabam. A rana ta huɗu wata tsohuwa Inyamura mai sayar da manja a tsallaken titi ta ji labari, ta taho da sandarta. Ba ta gaishe ni ba. Ta shiga rumfa, ta ture bokitin kayan ciki, ta ƙwanƙwasa simintin da ke ƙarƙashin teburina.

Ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Ɗana, kai tsaye a kai, kai nema?"

Na durƙusa na duba. Daɓen zagayayye ne, teburin kuwa mai kusurwa huɗu. Na sha lura da haka. Na kuma sha jin ƙasa na amsawa kamar ganga in ina saran ƙashi, ban taɓa tambayar dalili ba. Tsohuwar ta ce da famfo ya iso, mazan layin suka haɗu suka rufe rijiyar, kuma mahaifina ne ya kwaɓa simintin, ita ta ɗebo masa ruwa.

Har yau ina juya abin a raina. Shin wani ya karanta masa takardar kafin ya ɗinke ta? In haka ne, da saninsa ya ɗora teburi a daidai wurin. In kuwa ba haka ba, inuwar mangwaron da ke gefe ya bi. Ba ya nan balle in tambaye shi.

Tsohuwar ta dangwala yatsa a takardar shaida. Saura mutum ɗaya. Sauran da ta ambata duk sun rasu, in ban da wasu da suka koma Anaca ko Fatakwal da iyalansu.

Saboda haka, mai karatu, in kana da tsoho ko tsohuwa da suka zauna a Ogui kafin zuwan famfo, ka tambaye su rijiyar da ke gindin mangwaro a layin mahauta. In sun tuna ranar da aka rufe ta, ka kawo mini su, ko ka aiko in je da kaina. Ina rumfa kullum daga ƙarfe bakwai zuwa la'asar, ban da Juma'a.