Arzika Mai Jirgin Kara

Da an sallame sallar asuba, Malam Arzika yakan buɗe ɗan ɗakin da ke bayan gidansa a Jega, ya share, ya kunna rediyo don ya ji muryar mutane, ya zauna aiki shi kaɗai. Ya yi shekara da shekaru yana gyaran rediyo a bakin kasuwa, har wayar hannu ta zo ta kashe sana'ar. Bai daɗe da rufe shago ba matarsa Salima ta rasu, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa. Gidan ya yi masa girma.

Maimakon zaman tagumi, sai ya shiga ƙera 'yan ƙananan jiragen sama masu tashi da rimot, fikafikansu na karan dawa. Kafin ya gina ɗakin aikin, sai da ya je Aliero ya ga yadda manoma ke adana albasa. Ya dawo ya sa aka ɗaga kantoci daga ƙasa, aka bar kafofin iska ta kowane gefe. Magini ya kasa haƙuri.

"Malam, albasa za ka ajewa nan ciki?"

"Batir albasa na," in ji shi. "In yash sha zahi, kumbura shikai."

An yi masa dariya, har da masu cewa tsufa ya mai da shi yaro. Amma a tambayi Isiyaku na Fagada. Shekarar da tsuntsaye suka yi wa geronsa caa, Malam Arzika ne ya hau acaɓa da jirginsa a cinya, ya riƙa yini yana korarsu har aka yi girbi.

Kai ne, Malam, ka sa kara ya tashi sama muna kallo. Kai ne ba ka taɓa rufe wa kowa ƙofar ɗakinka ba, ko da yake leƙe kawai muke yi mu wuce. Wannan abin kunya ne a gare mu.

Yanzu yanar ido ta fara rufe masa gani. Kan tebur hannu ya san hanya, amma da jirgi ya wuce tsayin bishiya sai ya ɓace masa, sai dai ya bi shi da kunne. Kwanan baya wanda ya fi so ya faɗa gonar dawa wajen Katanga. Ya yi ta lalube har magariba, ya dawo da rimot kaɗai. Ya ce in ya sake rasa wani, zai rufe ɗakin.

Mun gode, Arzika, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya. Ku kuma mutanen Jega, ku koyi wannan zuciya, kada ku jira sai an rufe ɗakin ku fara yabo. Bayan la'asar yana fita fili da jirginsa. Ba ya neman komai, sai wanda zai tsaya gefensa ya ce, "Baba, yi dama, ga icce nan gabanka."