Ndagi ya ce in ƙara ɗagawa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ndagi ya rasu.

Ƙaninsa ne ya kira ni da safen nan ina shirin karyawa. Ya ce jiya bayan la'asar ya yanke jiki ya faɗi a gefen teburinsa, aka kai shi asibiti, da asuba rai ya yi halinsa. Na ce ya maimaita. Ya maimaita.

Ga waɗanda ba su san shi ba, abokin sana'ata ne. Dukanmu a gida muke aiki, muna buga wa ɗalibai da 'yan kwangila takardu, shi a Tunga, ni a Tudun Wada. Shi Banufe ne, ni iyayena Katsinawa, abokan wasa ke nan, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Bawana" kawai.

Idan aiki ya yi masa yawa, ni yake turo wa. Idan wutar layinmu ta lalace, gidansa nake zuwa caji, matarsa Maman Hauwa ta ajiye mini tuwon shinkafa da miyar wake ba tare da ta tambaye ni ko na ci ba.

Bara ya same ni na duƙufa a kan laftof a wani gajeren tebur. Ya tsaya a bakin ƙofa yana dariya.

"Bawana, tsintar tsakuwa kake a shinkafa? Wannan wuya naka zai karye!"

Washegari ya dawo da abin ɗora laftof, irin na ƙarfen nan mai naɗewa, wanda ake ɗagawa ana saukewa. Da kansa ya saita. Ya ɗaga har saman allon ya zo daidai idona, ya jona mini wani kibod nasa don kada hannuna ya rataye, ya cusa matashi a bayana. Gaskiya wuyana ya saki. Kafaɗata da ke hana ni ɗaga bokiti ta daina.

Daga nan ne, ina jin, muka fara ɗora komai a kan zama. Duk abin da jiki ya faɗa, sai mu ce tsayin laftof ne bai yi ba.

Makon jiya na gan shi na ƙarshe. Yana zaune yana murza ƙeyarsa, idonsa ja. Ya ɗaga nasa ƙarfen ɗora laftof har ƙarshe, ya ƙara kwali a ƙarƙashi.

Na ce, "Nufe, wannan ai sai da tsani."

Ya ce, "Kan ne ke sara ta baya. In na ƙara tsayi yana ɗan lafawa."

Maman Hauwa ta ɗaga murya daga kicin: "Baban Hauwa, na ce ka je a auna ka!"

"Me za a auna? Ni buhun shinkafa ne?"

Ya juyo gare ni. "Kai fa, bawana?"

Na ce ni ma nawa yana yi, musamman da safe.

"Ƙara ɗagawa," in ji shi.

Ƙanin nasa ya ce likita ya faɗa musu jininsa ne ya hau, kuma da alama ya daɗe a sama.

Na rubuta wannan sashe na goge, na sake rubutawa, don ban sani ba ko ya dace in sako kaina a ranar da ta zama tasa. Amma ga shi. Sa'o'in juna muke. Ciwon kaina a ƙeya yake, daidai wurin da yake murzawa. Watannin nan kullum sai na ƙara wa laftof ɗina tsayi, yanzu har sai na ɗan ɗaga haɓa. Kuma tunda nake ban taɓa miƙa hannu an auna jinina ba.

Ƙarfen ba shi da laifi. Don wuya da baya aka yi shi, kuma ya yi aikinsa. Mu ne muka ba shi aikin likita.

Akwai kyamis a ƙarshen layinmu mai abin awo. Ɗazu na je har ƙofa, na ga wani dattijo an naɗe masa dantse ana busa iska, sai ƙafafuna suka wuce da ni. Ina tsoron abin da zai nuna. Ina kuma tsoron 'ya'yana mata su dawo daga makaranta su tarar da mutane a ƙofar gida.

Bayan azahar za a yi jana'iza a Tunga. Matata ta ce daga maƙabarta ba gida zan dawo ba, a kyamis za ta jira ni. Na ce to. Na rubuta a nan ne don ku zama shaida, domin na san halina. Wanda ya gan ni gobe ya tambaye ni.

Allah ya jiƙan Ndagi, ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci, ya raya Hauwa da ƙannenta, ya ba mahaifiyarsu dangana. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a.

Ni kuma ku roƙa mini Allah kada in sake wuce ƙofar nan yau.